Baƙuwar Na'ura a Ɗakin Sanyi

Ina jiran ƙanena ya tashi daga aiki, ina kallon wata dattijuwa a ɗakin babbar kwamfuta. Siririya ce, da suwaita a kan doguwar riga saboda sanyin ɗakin.

Na'urar da ke kwafe bayanan marasa lafiya a kaset ta mutu tun safe, in ji ƙanena. An kawo sabuwa, amma manhajar da ke kula da kasakasan ba ta gane ta ba. In wani abu ya faru, aikin yau ya tafi.

Abokin aikin dattijuwar ya leƙo. "Yaya, ƙin karɓa ta yi?"

"Ba ta ƙi ba. Ba a gaya mata lambarta da irinta ba ne. Kai kana buɗe wa baƙo ƙofa haka kawai?"

Ta durƙusa a bayan na'urar, tana karanta lambar da leɓe, sannan ta shigar da ita cikin kwamfutar a hankali. Ina jin a gida ita ce mai tashi ta sake duba ƙofa, jikoki suna tsokanarta.

Kaset ya fara juyawa.

"Shi ke nan, mu tafi?" in ji abokin aikin nata.

Ta ja kujera ta zauna. "Je ka. Sai na ga ya gama."