Hoton Tsohuwar Filifin da Almakashin Yayata

Ko an tashe ni daga barci ba zan manta da ranar da yayata ta sa wa hoton nan almakashi ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin muna da shagon ɗinki a unguwar Maamobi da ke Accra, ni da ita. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Filifin da ke kawo mana gyaran kaya, ta biyo 'yarta mai aikin jinya ne zuwa Accra. Mama muke ce mata. Tana son zama kan bencinmu tana ba ni labari da Turanci, wai a ƙuruciyarta tauraruwar fim ce, tun zamanin da fim ba shi da kala. Ta fito a matar sarki, ta fito a 'yar manomi, in ta shiga kasuwa sai an buɗe mata hanya. Yayata kan taɓe baki ta ce da Hausa, "Wannan 'yar tsohuwar? Uhm!"

Rannan sai ga ta da hoto naɗe cikin hankici. Wallahi sai da na riƙe baki. Budurwa ce kyakkyawa, cikin doguwar riga mai hannaye a tsaye bisa kafaɗa, kuma idanun nan na Mama ne, ba tantama. Ta ce finafinanta duk sun lalace, wasu gobara ta ci, wasu danshi. Wannan hoton kaɗai ya rage mata.

Ni da rawar kai, na roƙe ta aronsa na kwana biyu in kwaikwayi hannun rigar. Ta miƙo mini da hannu biyu.

To, a shagonmu muke sallah, don haka duk hoton salon ɗinki da za mu liƙa a bango, sai yayata ta yanke masa kai tukuna. Na san da wannan sarai, amma na bar hoton kan teburin yanka na tafi Kasuwar Malam Atta sayen zare.

Ina dawowa na gan shi a bango, an kafe shi da allura. Riga tana nan, hannaye suna nan, daga wuya zuwa sama babu.

"Yaya! Ina kan?"

Ko ɗagowa daga keke ba ta yi ba. "Na share. Ba hannun riga kike so ba? Ga shi nan."

"Hoton mutane ne fa! Amana ce!"

"Ke, kar ki yi mini ihu. Mace ba ɗankwali zan rataya inda nake sallah?"

A raina na ce, wa ya ce ki rataya? Wa ya aike ki? Na fita ba takalmi, na tone shara, na leƙa kwata. Ruwa ya riga ya tafi da shi. Mutane suka taru suna kallona kamar wadda ta zare.

Washegari Mama ta zo. Da ta zage ni ma da na ji sauƙi. Ta karɓi hoton, ta shafa gurbin da aka yanke da yatsa, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Yanzu wa zai yarda ni ce?" Ta naɗe shi cikin hankicinta ta tafi, ba ta sake taka shagonmu ba.

Wata uku ban yi wa yayata magana ba, sai da gwaggonmu ta shiga tsakani. Har ta bar duniya ba ta ce ta yi kuskure ba, Allah Ya gafarta mata. Amma in gaskiya za a faɗa, haushin kaina ya fi yawa, don ni na roƙa, ni na ajiye inda na san akwai almakashi. Tun daga ranar, in mutum ya ce mini abu shi kaɗai ya rage masa, a hannunsa nake kallo, ba na karɓa.