Bakina a Ranar Kofin Eshek

Wautata ita ce na ɗauka duk wasan da ake yi da 'ya'ya a kan gidaje dara ce. Ni dai ajina biyu a lakwal, makarantar boko, suka sallame ni, amma a gindin itacen bedi na Zango ba mai ja da ni a dara. Can kuwa rabin wasan baki ne. In an ci mutum, 'yan kallo sai sun wanke shi tas, har hularsa a ture.

Wani mushe, malamin lakwal mai ritaya, shi ne ya buɗe kulob ɗin eshek, darar Turawa mai sarki da sarauniya, a unguwarmu, kyauta, don ya janye samari daga pale, gungun nan masu sara da adda. Dokarsa guda ce, wanda ya ɗaga hannu ya bugi wani ya fita ke nan har abada. Ɗan ƙanwata, mai kabu-kabu, da ya taɓa kwana kaso saboda sara, ya shiga. Wasan ya kama shi har yana mance abinci. Uwarsa ta fara barci da ido biyu rufe. Ni kuma aka ba ni ƙofa, ina karɓar wuƙaƙe ina zubawa cikin daro.

Ranar gasar cin kofi, wasan ƙarshe ya faɗo tsakaninsa da wani dogo na wata pale, wanda shi ne ya taɓa yanke masa gefen kunne. Mushe ya ja ni gefe.

"Baba, nan ba a magana. Ko tari ya zo maka, haɗiye shi."

"Haba mushe, ni yaro ne?"

Ɗaki ya cika, kowane ɓangare da mutanensa, tsit kamar ana jiran liman. Na daure, na daure. Sai yaron namu ya cinye sarauniyar dogon. Wallahi ban san lokacin da na baro ƙofa ba. Na fizgi sarauniyar, na buga ta a tabur, na sa wa dogon ita a hanci.

"Ga uwar gidanka nan, an kwashe! Tashi ka je ka yi tallan ƙosai!"

Ban rufe baki ba benci ya sauka a ƙeyata. Abokan dogon ne. Na faɗi, wani ya take mini baki da takalmi, na ji haƙora biyu suna yawo a kan harshena. Wani ya shuri daron da na bari ba mai tsaro, wuƙaƙe suka watse a ƙasa, kowa na wawura. Mushe na ihu da Faransanci, ba mai jin sa.

Daga inda nake kwance ina hango yaron. Ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu. Sai da ya ga wani ya naɗe sarƙar babur a hannu ya nufo kaina, sannan ya tashi. Da ƙafar tabur ya karya masa hannu, na ji ƙarar ƙashin. Na biyun da ya taso shi ma yaron ya fasa masa goshi, jini ya fantsama har kan fararen sojojin wasan. Dogon kuwa ko motsi bai yi ba, yana zaune yana kallon allon da ya kife.

A gidan likita aka ɗinke mu jere. Washegari mushe ya kori yaron daga kulob. Na je na roƙi mushe da bakin da ya kumbura, na ce ni ne mai laifi, ni za a kora. Ya ce ni ai ba ɗan kulob ba ne, kuma in ya ɗaga doka sau ɗaya gobe kowa da addarsa zai zo.

Yaron ya koma wajen tsofaffin abokansa. Uwarsa ta daina gaishe ni. Kwanaki ya ɗauko ni a babur daga kasuwa, adda na leƙowa ƙarƙashin rigarsa. Mun yi nisa, sai ya ce, bai ko waiwayo ba:

"Kawu, ka san saura taku biyu in kashe masa sarki?"