Saniyar da Ba Ta da Kai

Ni mutum ne mai baki. Ko a zaman makoki, in na yi minti goma sai an sami wanda ya tusa fuska cikin hannun riga yana ƙunshe dariya. A ofishinmu na kula da dabbobi a Dutse har cewa ake yi in na ɗauki hutu, fankar ɗakin ma daina juyawa take don kewa. Na daɗe ina alfahari da wannan baki.

Shekarar da zan ba da labarinta, wata ƙungiya ta zo da alkawarin haƙa rijiyar burtsatse mai sola, haɗe da kwamin shayar da shanu. Guda ɗaya tak, rugage biyar kuma na nema, duk a tsakanin Jahun da Taura. Aka ce wadda ta fi shanu ita za a ba. Ɗaya daga cikin biyar ɗin rugar kawuna ce, yayan mahaifiyata, shi ne ma ardon wurin. A can aka haife ni. Da rani rijiyarsu ƙafewa take, sai an kora garke tafiyar rabin yini kafin a kai ga ruwa, maruƙa na faɗuwa a hanya.

Aka tura ma'aikaci da fom ya zagaya. To mu a gidanmu ba a ƙirga shanu. Kawu ya san kowace saniya da kamanninta da uwarta da kakarta, amma adadi ba ya fita daga bakinsa. Ana tsoron baki, tsofaffi kuma ba su manta da jangali ba. Da ma'aikacin ya matsa masa, sai ya ce a rubuta arba'in. Da fom ya iso teburina na yi dariya har na ƙware. Arba'in ai na kwance ne a gindin tsamiya, waɗanda suka ga ba za su iya tashi ba. Rugar bakin titi kuwa, wadda 'ya'yanta suka yi boko suka san kan fom, ta rubuta ɗari shida. Ina jin har da kajin gida da ƙadangarun katanga.

Lambar Kawu na cikin wayar da ke aljihuna. Da na kira shi na ce, Kawu, wannan ba haraji ba ne, ruwa ne, da ya gane. Ban kira ba. Hankalina na kan wani abu daban, don Daraktan ofishinmu ya ce ni zan haɗa bayanin da za a haska a bango ranar taro.

Madam ce ta koya mini. Abokiyar aikina ce, Kirista daga can wajen Filato, ta fi shekara ashirin a Dutse, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari.

"Malam, Oga ba ya karanta lamba," in ji ta. "Yi masa hoto."

Ta buɗe manhajar nan ta kwamfuta mai gidaje-gidaje kamar dara. Na jera sunayen rugage a layi ɗaya, adadin shanu a na kusa da shi. Na zaɓe su duka, na ce ta zana mini sanduna a kwance. Sannan Madam ta ce in danna kan sanda, in ce a cika ta da hoto maimakon launi. Shanun da na samo a intanet duk na Turawa ne, baƙi da fari, babu ƙaho babu tozo, kamar an yi musu aski. Sai na je kara, kasuwar shanu, na ɗauko hoton wata farar saniya mai ƙahoni kamar hannun mai addu'a, ta juya fuska dama.

Da na saka ta, kwamfuta ta ja ta ta miƙar, ta koma kada mai tsawon hanyar Kano. Madam ta nuna mini inda ake cewa a jera hoton, kowace saniya ta tsaya a madadin ɗari. Nan take shida suka fito a layin sama, reras, kamar za su shiga mota. Na tashi na zagaya ofis ina kiran mutane su zo su ga garkena.

"Duba layin ƙasa," Madam ta ce. "Ta kawunka ba ta cika ba."

Arba'in ba ta kai rabin ɗari ba, sai kwamfuta ta yanke saniyar. Wutsiya, ƙafafun baya, hantsa, shi ke nan.

"Rage ma'aunin, kowace ta tsaya wa ashirin. Zai sami biyu cikakku."

Na gwada. Layin sama ya koma shanu talatin ƙanana kamar tururuwa, ƙahonnin da na sha rana na ɗauko ba a ganin su. Na ce a'a, kyan ya ɓaci, na mayar.

Ranar taro ɗaki ya cika. Darakta a gaba da mutanen ƙungiya, ardo-ardo biyar a kujerun baya, Kawu da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Aka haska. Aka yi ta sambarka. Wata mata daga ƙungiyar ta ɗaga hannu, na ji tana fara cewa adadin ƙasan nan ya yi kaɗan, ko za a koma a duba da ido. Kafin ta ƙarasa Darakta ya nuna bango da biro.

"Wannan kuma fa, Malam? Mahauta ne suka riga mu?"

Aka ɗan yi dariya. Ni kuwa ba na jure a yi dariya in ba ni na kawo ta ba.

"Ranka ya daɗe, ai waɗannan ba sa bukatar ruwa. Saniyar tasu ko bakin sha ba ta da shi."

Ɗakin ya fashe. Darakta har da buga tebur. Matar ta yi murmushi ta sauke hannu, ba ta sake ɗagawa ba. Aka ja layi a kan rugarmu, aka wuce. Madam ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ta sunkuya tana gyara takardun da ba su bukatar gyara. Ban waiwaya baya ba.

Sai bayan mako biyu na iya zuwa rugar. Kawu ya amsa gaisuwata tiryan-tiryan, ya tambayi iyali da gajiya, ya sa aka kawo mini kindirmo. Na fara kame-kame, cewa kwamfuta ce take yankewa, cewa lambar da aka rubuta ita ce matsala. Ya bar ni na gama.

"Ɗan ƙanwata," ya ce, "mahaifiyarka ta bar maka karsana biyu a garken nan. Sun hayayyafa. Jiya na ƙirga maka su, tunda ku ƙirga kuke so. Bakwai ne. Ruwan da muke samu ba ya isar na kowa. Ka samo mota ka kwashe naka."

Tun da nake ban taɓa jin ya faɗi adadin shanun wani namu ba.

Na kwashe su ranar kasuwa. Gidan hayata a Limawa ko babur da ƙyar yake kwana a tsakar gidan, don haka ban kai su Dutse ba. A kara na sayar da su, dillali na ta ja na da wasa yana jira in rama.