Sarewar da Iskar Bakolori Ta Fi Ƙarfinta

Mun tashi da asuba daga Bakura ranar Talata, ana sallame salla muka nufi tasha, ni da wani maƙwabcina mai albasa da zai ci kasuwar Mafara. Ni ba ciniki ya fitar da ni ba. Saƙo ne wani mai kifi ya kawo mini daga yayana Garba da ke Maradun, cewa sarewarsa ta kara ta tsage, in nemo masa ta gwangwani mai ƙarfin murya, kuma kada in yi nawa.

Wanda bai san Yaya Garba ba zai ce tsoho da sarewa ai wasa ne. To, ba wasa ba ne. Tun da aka tare gulbi aka yi madatsar Bakolori, ruwa ya haye fadamarsu da makiyayarsu, 'yan shanun da suka rage masa a wani ɗan siririn fili yake kiwonsu, tsakanin bakin ruwa da gonakin albasar mutane. Ƙafafunsa sun yi nauyi, ba ya iya bin dabba. Zama yake yi a gindin wata aduwa, in sun doshi gona ya busa, uwar garken da yake kira Kyalla ta juyo, sauran su biyo ta. Da sarewar ta tsage sai suka faɗa albasar wani maƙwabci, magana ta kai gaban mai unguwa, aka yanke cewa in suka sake, shanun za su bar wurin. Irin karan da ake yin sarewar da shi kuwa yana can ƙarƙashin ruwa.

A-kori-kura muka samu, an lafta mata buhunan albasa, mu kuma aka ɗora mu a sama kamar gyara. Rawanina ya sha ƙanshin nan har ya ƙoshi. Da gari ya waye muna wajen Birnin Tudu, sai ga magudanan siminti sun miƙe ɗoɗar kamar an ja su da alƙalami a kan allo, gonaki shar a tsakiyar rani, abin da iyayenmu ba su taɓa gani ba. Amma babu itace. Wani dattijo a cikin motar ya riƙa nuna mana fili da sandarsa, nan tsamiya take a da, can kuka, can rijiya.

Mun iske Mafara ta cika maƙil. Tun da ma'aikatan madatsa suka fara karɓar albashi komai ya ɗaga kai. Hocen dawa da muka saba saye kwabo-kwabo yanzu mai shi sule take kira, ko kunya babu. Na saya duk da haka, na haɗa da fura mai sanyi, na gode wa Allah. Abokin tafiyata ya shige layin 'yan albasa, ni kuma na yi tambaya aka nuna mini layin maƙeran gwangwani, masu yin aci-balbal da mazurari da ludayin awon mai.

Wani ne kaɗai a cikinsu yake yin sarewa, daga ƙauye yake zuwa, ranar kasuwa kawai. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da almajirci, na tambayi sana'a da gajiya. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya dubi rawanina, ya dubi tasbahar da ke hannuna, ya dubi jama'a.

"Malam, ba nan ba," in ji shi. "Taho ciki. Wani ya gane ka da sarewa a baki tsakiyar kasuwa, gobe wa za shi bi ka salla?"

Gaskiya na ji daɗin wannan karamci. Da ma tun a mota abin yake cina, yadda mutum mai jan salla a unguwa zai tsaya yana busa a bainar jama'a kamar maroƙi. Ya ɗaga asabari muka shiga wata 'yar rumfa ta bayan shagon, rufin kwano, bango ta ko'ina. Ya zube mini sarewa iri-iri a kan buhu.

Duk gwangwani ne aka naɗe aka liƙe da dalma, da ramukan yatsa shida, da ɗan itace da aka toshe bakin da shi aka bar hanyar iska. Wasu faffaɗa ne, wasu sirara. Na ɗan iya busa tun muna yara, kafin a tura ni karatu a bar Yaya da shanu. Na ɗauki wata faffaɗa na busa. Wallahi sai da kwanon rumfar ya amsa, kunnuwana suka yi ɗif, na yi maza na cire ta daga baki ina waigen asabari. Iska take ci da yawa, muryarta kuma kaushi gare ta kamar ta jaki. Sannan na ɗauki wata siririya. Numfashi kaɗan ta nema, ta fito da murya mai zaƙi, mai ladabi, har na tuna waƙar da Yaya yake yi wa shanu lokacin da mahaifinmu yake da rai.

"Wagga ita ad daidai da kai, Malam," in ji maƙerin. "Mai natsuwa. Waccan ta 'yan tauri ce."

Muka yi dariya, muka daidaita, na cusa siririyar can cikin aljihun 'yar ciki. Ban fita da ita fili ba, shi ma bai ce in fita ba. Kowa yana tsare mutuncin malam, aka manta da wanda ya yi aiken da inda zai busa.

Bayan azahar na samu wata tifa mai komawa wajen madatsa, direban ya ce ba ya karɓar kuɗin malami sai addu'a. Hanya mai kyau ce har gindin ginin, daga nan sai gargada. Na ga madatsar da idona, bango kamar dutse, bayansa ruwa har inda ido ya gaji. Na yi tasbihi. Mata na soya kifi a bakin hanya, manya-manya, da araha fiye da nama. Na saya wa iyalin Yaya na tsaraba.

Na same shi a ƙofar gida, ya rame, amma bakin nan yana nan.

"Liman ya sauka! An kawo ko an tsaya wa'azi?"

Na miƙa masa. Ya juya ta, ya auna ta a tafin hannu, ya busa a zaure. Matarsa ta leƙo tana cewa kai, wannan murya kamar ta amarya. Shi kuwa cewa ya yi, "Allah shi kai mu gobe."

Da safe na riƙe shi muka tafi gindin aduwar. A nan na san iskar wurin. Daga kan ruwa take tasowa, ba itace ba tudu, ba abin da zai tare ta, tana kaɗa riga kamar tuta. Shanu suka yi nisa kaɗan, Yaya ya sa sarewar a baki. Ina tsaye kusa da shi amma da ƙyar nake ji. Iska na bi ta kan ramin da murya ke fita sai ta yanke ta, sauti ya shaƙe. Ya juya wa iskar baya, ya kare da hannun riga, ya ƙara ƙarfi, sai siririyar ta tsala wani ƙara mara kan gado ta yi shiru. Kyalla ko kunne ba ta motsa ba.

"A ina ka gwada ta?" ya tambaye ni.

"A cikin rumfa."

"To, ai shanun ba cikin rumfa suke ba, ƙanena."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, da ma zagina ya yi. Na ce zan koma in sauya, amma maƙerin sai wata Talatar, ban kuma tambayi sunan ƙauyensa ba. Sai na tuɓe babbar riga na zama makiyayi. Laraba da Alhamis ina bin shanu da sanda, ina haki, masu ban ruwa suna mini kirari daga cikin gonaki. Abin da na guje wa a kasuwa na a gan ni ina busa, ga shi an gan ni ina tsere da maraƙi.

Ranar Juma'a na tafi masallaci cikin gari. Na ce a bar shanun a turke har in dawo, Yaya ya ce tun safe ba su ci ba, iska kuma ta ɗan kwanta, zai iya. Kafin a sauko daga masallaci iskar ta tashi. Na dawo na iske shanu tsakiyar albasa, mai gonar yana kururuwa, Yaya kuma ya rarrafo daga gindin aduwa har ya yi nisa, gwiwoyinsa duk ƙasa, sarewar tana hannunsa.

Mai unguwa bai tsananta ba, amma magana an riga an yanke ta gaban shaidu. Babu wani wurin kiwon, sai sayarwa; washegari dillali ya zo da igiyoyi. Yaya ya shafa wuyan Kyalla, ya gaya wa mutumin cewa ba ta son duka, kira take ji. Sannan ya ce in mayar da shi gida.

Na roƙe shi gafara, ya ce rabonsu ne ya ƙare, ko da kakaki na kawo. Na san faɗa ya yi don zuciyata ta yi sanyi. Da zan tafi na ce ya ba ni sarewar in jefa a ruwa, ya hana. "Bar mini abata. Yanzu ai ni ma ɗan cikin ɗaki ne, mun dace."

Na biyo motar shinkafa zuwa Mafara, daga nan na samu ta Bakura, na iso ana kiran la'asar, na iske iyali lafiya, alhamdu lillahi. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. In an aike ka, da kunnen mai aiken za ka saurara, ba da naka ba. Abin da za a yi aiki da shi a fili, a fili ake gwada shi, ko duk kasuwa za ta taru tana kallo. Kunya ado ce, ban musa ba, amma wadda na ji a rumfar nan ba ta Allah ba ce, ta mutane ce, kuma yayana ne ya biya ta da shanunsa. Allah ya yafe mini, ya musanya masa da mafi alheri.