Injin Mai Jan Salatif

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makullin ɗakin sanyi a wani kamfanin dakon kaya a Owendo, bakin tashar jiragen ruwa. Nan manyan kwamfutoci suke, waɗanda ake ce wa sarba. Ni ba injiniya ba ne, aji huɗu na yi a Garwa na bari. Aikina share ƙura, lura da kilim mai sanyaya ɗakin kada ya tsaya, da tayar da janareta in wuta ta ɗauke.

Sai abu guda da tsohon injiniyanmu ya koya mini kafin ya bar aiki. Ya manna jan salatif a jikin inji ɗaya, ya ce duk ranar da masu sikelin auna kamyo, wato manyan motoci, suka kira suka ce takardar awo ta ƙi fita, in kashe injin nan, in ƙirga talatin, in kunna. Ban tambayi dalili ba, shi ma bai rubuta a ko'ina ba.

Wanda aka ɗauka bayansa mutumin Jos ne, Kirista, sa'ana, furfura ta fara cin gemunsa. Gwajin wata uku aka ba shi. Aikin da aka ɗora masa shi ne ya girka wata manhaja a kan sarba, ya ce sunanta rajista. Na ce rajistar me? Ya ce manhajojin kamfani sun yi yawa, ta kwastan, ta kamyo, ta sito, kuma ba su san inda juna suke ba. A rajista kowace za ta sa sunanta da adireshinta.

"Ashe mai unguwa za ka naɗa musu."

"Shi ke nan, Malam, ka gama makarantar," ya ce yana dariya.

A wajen cin abinci na ji sauran zancen. Katin zamansa a ƙasar zai ƙare a ƙarshen wata, ba a sabuntawa sai da takardar aiki, darakta kuma ya ce sai rajista ta tsaya da ƙafarta ranar Juma'a zai sa hannu. 'Ya'yansa biyu suna makaranta a nan.

Ran Litinin da safe ya girka ta, ta tashi lafiya, ya hau taksi ya tafi babban biro, wato ofishin kamfani, a Plaine Orety don ya haɗa sauran daga can. Kafin azahar masu sikeli suka kira, kamyon katako sun yi layi har bakin titi. Na shiga, na kashe mai jan salatif, na ƙirga talatin, na kunna. Takarda ta fita. Da la'asar sai ga shi ya dawo yana gumi, wai rajista ta faɗi. Talata haka. Laraba ma haka, har sau biyu.

Ran Alhamis muka zauna wajen mai shinkafa a bakin get. Ya sa cokali a kwano ya bar shi a tsaye.

"Injiniya, ci mana. Ba a gyara inji da yunwa."

"Malam, akwai wani abu cikin sarbar nan da ba shi da suna. Kowace manhaja tana da lambar ƙofar da ake samunta. Shi ke zaune a ƙofar da rajista take so. Kullum da safe ina tsayar da shi, in tayar da tawa. In na juya baya sai injin ya mutu ya tashi, abin nan ya riga ta shiga. Wa ke kashe injin, ban sani ba."

Na ajiye cokalina. In na yi magana, ni ne mai sharar da ya hana aikin kamfani kwana uku. A shekaruna ba a samun wani aikin da sauƙi. Na dubi kwanonsa da bai taɓa ba.

"Ni ne," na ce. Na gaya masa zancen salatif da sikeli.

Ya juyo ya kalle ni. Na jira zagi.

"Wato abin da nake kashewa kullum sikeli ne."

"Da alama."

"Ni in kashe maka, kai ka kashe mini. Tsofaffin banza biyu."

Ya jawo kwanon ya cinye tas, muka koma ɗakin sanyi. Bai yi rabin awa ba ya sauya wa rajista lambar ƙofa, ya bar sikeli a tasa, ya sa sunansa cikin rajistar. Sannan ya ce in kashe injin in kunna da hannuna, yadda na saba. Na ƙirga talatin. Dukansu biyu suka tashi.

Ran Juma'a darakta ya zo da kansa, ya tambayi abin da ya jawo jinkiri. Ina tsaye da tsumma a bakin ƙofa. Injiniya ya amsa da Faransanci, na ji isasshe: wata tsohuwar manhaja ce da ba wanda ya rubuta, kuma mai kula da ɗakin ne ya gano ta. Darakta ya ɗan kalle ni, ya ce a kai masa takardar aikin Injiniya a biro ya sa hannu.

Da ya karɓo katin ya kawo mini na gani, har yanzu da ɗumin roba. Ranar ya ɓare jan salatif ɗin, ya ce daga yau in masu sikeli sun kira, shi zan kira. Na ce to, ni ma na gaji da ƙirga talatin.