Mai Walda a Zauren Sulhu

Kubura ba ta san mutumin ba. Tana durƙushe a ƙofar zauren mai unguwa a Kaura Namoda, tana leƙen ɗanta Hafizu, wanda aka kama ya kwance batirin solar rijiyar unguwa. Ƙa'idar kwamitin sulhu a fili take: ko wani mai sana'a ya tsaya wa yaro ya riƙe shi, ko a miƙa shi ga 'yan sanda. Ga kawunnan Hafizu nan a ciki, kowa ya sunkuyar da kai. Yo ai an sani, in yaron da ka tsaya wa ya gudu daji wurin ɓarayi, kai za a fara kira infoma.

Mutumin yana rakuɓe jikin bango, siriri, rigarsa duk hujin tartsatsi, baƙin gilashin walda ɗaure a goshinsa da roba. Idanunsa jajur. Kubura na rayawa a ranta, wataƙila daji ya taɓa cinye masa nasa ɗan.

"Wa ka tsaya mai?" mai unguwa ya sake tambaya.

A waje ɗan sanda yana kaɗa makullin babur.

Sai mutumin ya zare gilashin ya miƙa wa Hafizu. "Ungo, ɗan nema. Gobe da hantsi ka iske ni shagona, bayan tashar jirgin ƙasa. In ka gudu, ni za su zo ma, ka jiya?"

Hafizu ya karɓa da hannu biyu.