Mama Rifkatu, nas ɗin da ta wanke min ƙafa

Da safen nan ina buɗe shago ɗanta ya kira ni. Wai Mama Rifkatu ta rasu.



Yawancinku kun san ni da gyaran waya a Samaru, ba ku san na yi shekara shida ina shan kodin da tiramol ba. Yau zan faɗa, saboda ita.

Wata huɗu na yi a gidan mari kafin yayata ta fito da ni ta kai ni asibiti, ƙafafuna duk gyambo inda sarƙa ta ci. Mai ba da kati ya kalle ni ya ce, "'Yan ƙwaya can baya suke jira." Tun safe muke zaune har rana ta take.

Sai ga wata nas gajeriya, tabarau a kan hanci. Ta durƙusa gabana.

"Ɗana, yaya sunanka?"

Na ce Istifanus.

"To Istifanus, miƙo ƙafar."

Ita ce Mama. Da hannunta ta wanke min ciwon. Sai da na kwana uku a hannunta kafin ta tambaye ni me ya jefa ni shaye-shaye.

Bayan an sallame ni na koma ruwa, sau biyu. A coci aka cire ni daga cikin mawaƙa. Kunya ta hana ni komawa asibiti, sai ta hau acaɓa ranar hutunta ta same ni gida a Unguwar Gabas, da kunun gyaɗa a fulas.

"Ciwo ne fa," in ji ta. "Mai hawan jini ma dawowa yake. Sha kunu, sa takalminka mu koma asibiti."

Shekarata biyar ke nan ban taɓa komai ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Sabon Gari, sati uku da suka wuce. Ta yi ritaya, tana dogara sanda. Ta karɓi jaririyata tana mata rawa, sannan ta rage murya.

"Akwai wani magidanci a layinmu da ya faɗa shaye-shaye, 'yan uwansa na shirin kai shi gidan mari a ɗaure. Zo ka yi masa magana. Kai zai ji."

Na ce zan zo. Aiki ya riƙe ni, ban je ba.

Gobe zan je, Mama.

Ubangiji Ya karɓi baiwarsa, Ya ba ta hutu, Ya ta'azantar da 'ya'yanta. Don Allah duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, ya sa iyalinta a addu'a. Ku haɗa da mutumin layinsu.